Haƙora Goma Sha Huɗu

Ranar da motar ta ƙi tsayawa
muna cikin yashin Mayo Kaliyawo, bayan la'asar.
Na matsa birki har yatsana ya yi fari,
ita ko a jikinta.
Ta wuce ni, ta wuce inuwar gada,
ta faɗa tulin albasar Hamajoda da ƙafa huɗu
kamar wadda aka aika.
Jaka uku na biya, albasar ma shi ya kwashe.

Girmanta bai kai ɗan akuya ba,
tayoyinta kamar ƙoƙon fura,
amma in na ja igiya ta kurɓi man nitiro
duk Domayo sai an san ta farka:
kuka kamar zanzaro ya faɗa gwangwani,
hayaƙi shuɗi mai sa ido ƙwalla.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne a Marwa.
Da dare na ture aikin mutane gefe,
na kwantar da ita rigingine a tebur,
notuna a murfin kwano don kada su ɓata.
Farantin birkin ya ƙone, ya yi sulɓi,
ya sirance kamar kwabon da ya sha hannu,
ga mai ya jiƙa shi sharkaf.

Mako biyar ina jiran saƙon Duwala.
Direba ya miƙo ƙullin da bai cika tafi ba:
faranti biyu na ƙarfe, takalman birki,
da giya biyu, babba da ƙarama.

Asta ce mai riƙe tocila.
Ta ce, Baba, ƙirga da ƙarfi.
Tsohuwar ƙarama, goma sha bakwai.
Sabuwar, goma sha huɗu.
Babbar ta tashi daga arba'in da tara ta koma hamsin da biyu.
Ta ce, an zubar wa ƙarama haƙora uku,
ta ina ƙarfi zai fito?
Na ce, gudu za ta sayar ta sayi ƙarfin hawa.
Sai ta juyo hasken ta dalle bakina,
ta daɗe tana kallon giɓina.
Ba ta ce uffan ba, tocilar dai na rawa.

Tsakanin giya da giya akwai tazara.
Ka matse, su cinye juna,
ka sake, su yi ta cacar baki har su karye.
Na yago gefen littafin lissafinta,
na cusa tsakaninsu, na ɗaure, na zare.
Kaurin takarda guda,
iyakar abin da suke buƙata ke nan su zauna lafiya.

Sandar birki ce ta gasa mini aya a hannu.
In ja noti, taya ya ƙi motsi.
In sassauta, a koma gidan jiya.
Rabin zagaye gaba, kwata baya,
har zakaran maƙwabta ya yi cara,
Asta ta yi barci da tocila a cinya.

Asabar muka koma rafi.
Hamajoda na hango mu ya ja buhu kusa da ƙafarsa.
Na miƙa wa Asta rimot.
Gaɓar da motar ba ta taɓa hawa ba
ta haye ta tana gurnani, yashi na tashi a baya,
ta juyo, ta gangaro, ta miƙe sak
wajen albasa.
Na buɗe baki, sunan yarinyar ya maƙale.

Ta danna.
Hanci ya duƙa, ƙafafun baya suka ɗaga,
ta tsaya cik.
Na je na auna: taƙi ɗaya da yatsa biyu.

Hamajoda ya dubi motar, ya dubi kayansa,
ya ce, yau ba ciniki ke nan.

Muna cikin dariya injin ya yi tari ya mutu.
Fulogi ya ƙone, ba ni da wani.
Asta ta rungume ta da zafinta,
mai na ɗiga a zanen sallarta,
ni ina biye da kwalba da sifana,
ina shirya abin da zan gaya wa uwarta.